Garin da Babu Kowa

Diffa, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Yau muka gama bangon tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar tattasai, inda ake zubar da shara tun da aka rufe ta. Sati uku ina zana wani gari na bakin kogin Komadugu. In ka ɗaga salula, wato wayar hannu, ka saita bangon, sai zanen ya motsa a cikinta: ruwa na gudu, hayaƙi na tashi daga gidaje, tattasai ya yi jajir a shanya. Liman ya ce kada a zana mutum ko dabba. Na yarda, ban kawo komai a raina ba.

Da la'asar Ya Falmata mai ƙosai a gindin bangon, wadda ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga kafin ta shigo gari, ta ce in ba ta ta gani. Ta daɗe riƙe da salular tana kallo. Ni kuwa na tsaya kamar wawa ina jiran yabo.

"Ɗana, ina mutanen?"

Na fara yi mata bayanin liman, ta katse ni.

"A'a, daidai ka zana. Haka muka baro namu. Wuta na ci a murhu, ba kowa."

Ta miƙo mini salular, ta gyara kaskonta, ta juya wa bangon baya.

Gobe mutanen lameri, ofishin magajin gari, za su zo su tafa, su ce mun raya unguwa. Ni dai na san abin da na yi. A wurin da take neman abincinta, nan na kafa mata ranar da ta gudu.