Kabon da Ba Ya Ƙonuwa

Ranar Asabar

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya. Yaya gwiwar? Allah ya sa kuna shafa maganin nan, ba a kan taga kuka ajiye shi kuna kallo ba. A gaida Inna da kyau. Jikokinku biyu suna nan ƙalau, sai ɓarna, babansu ma yana miƙo gaisuwa.

Na san za ku yi mamaki, a ce shugabar sashen kwamfuta ta jami'a guda ta rasa abin aika saƙo sai biro da takarda. Kunnenku ba ya jin waya, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, wallahi Baba kwana uku ko ganin wayar ba na son yi. Na tafka kuskure a wurin aiki, kujerata tana rawa, kuma gara ku ji daga bakina.

Kun tuna da aka ba ni kujerar nan shekara uku da suka wuce, kuka ce in riƙe ta hannu bibbiyu? Makulli kawai aka miƙo mini da takardar naɗi. Gyaran kwamfuta na iya, amma shugabanci fa? Ba wanda ya nuna mini yadda ake zaɓen manhaja kada 'yan kwangila su yi maka wayo, ko yadda ake lallaɓa farfesan da ya rantse ba zai shigar da maki a na'ura ba. Sau huɗu ina rubutawa a tura ni kwas, sau huɗu takardar tana dawowa an rubuta "a jira" da jan biro.

Ana nan sai na faɗa wani zauren hira a waya, na masu irin aikina a wasu jami'o'i, mun haura mutum ɗari huɗu. Baba, nan ce makarantata. Duk abin da ya shige maka duhu ka tambaya, kafin shayinka ya huce wani ya amsa. Akwai wani dattijo da muke kira Tsohon Injiniya, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma rabin abin da na sani a hannunsa na koya. Zauren yana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya saba: kada ka cika mu da dogon bayani, ɗauki hoton allon kwamfutarka ka turo mu gani da idonmu.

Ran Talata manhajar da ke haɗa sakamakon jarrabawa ta ƙi aiki, ga majalisar jami'a za ta zauna a kansa washegari. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutun da ban gane ba. Na ɗauki hoton allon gaba ɗaya na tura, kamar yadda na saba yi sau ba adadi. Minti arba'in aka ba ni amsa, abu ya gyaru. Har shugaban jami'a ya yaba mini a gaban mutane, na dawo ofis ina jin kaina.

Ran Alhamis mataimakina ya shigo ko sallama babu, ya ajiye wayarsa a kan teburina. Hoton allon nan da na tura ne, yana yawo a hannun ɗalibai. A bayan ɗan akwatin nan ashe akwai wani shafi a buɗe, na ofishin rajistara: sunayen ɗalibai goma sha ɗaya da ake zargi da satar amsa, da lambobinsu da sassansu. Ko zama ba a yi a kansu ba tukuna. Idona yana kan akwatin, ban ga mutanen da ke bayansa ba.

Na goge hoton daga zauren, amma ina amfani? An ba ni takardar tuhuma jiya. Ku taya ni da addu'a, kuma don Allah kada ku gaya wa Inna tukuna, kun san hawan jininta.

'Yarku,
Auta

Ranar Lahadi, bayan mako biyu

Babana,

Ina gaisuwa. Na samu amsarku, layi shida babu kuskure ko ɗaya, kamar kullum. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Na gode da ba ku yi mini faɗa ba, ko da yake da kun yi da na fi samun sauƙi.

Na shiga gaban kwamiti ran Laraba. Mutum biyar a dogon tebur, fanka tana ƙara a sama, ni kaɗai a kujera ɗaya ta ƙarshe kamar mai neman aiki. Dukansu biyar ɗin, Baba, in takarda ta maƙale a firinta ni suke kira. Rajistara ya gyara tabarau ya tambaye ni wa ya ba ni izinin kai matsalar jami'a gaban baƙi. Kun san bakina. Na yi niyyar yin shiru, na kasa. Na ce ranka ya daɗe, baƙin nan su suka koya mini yadda shafin rajistar ɗalibai ya daina faɗuwa, wanda kuka yi ta tafa mini a kansa bara. Na zaro takardun neman kwas ɗin nan huɗu na jera masa a kan tebur. Ya ce ba wannan ne a gabansu ba.

Abin da ke ci na shi ne gaskiyarsa ce. Ba rashin kwas ne ya ɗauki hoton ba, ni ce.

Sun matsa in faɗi wanda ya fitar da hoton daga zauren, suka nuna cewa in na faɗa za a sassauta. Na sani kuwa. Tsohon Injiniya ne, shi da kansa ya kira ni, karon farko da na ji muryarsa. Da ya ga matsalar ta fi ƙarfinsa, sai ya tura hoton wani zauren don ya nemo mini taimako, daga can ma amsar ta fito. Shi ma akwatin kawai ya gani. Dattijo yana ta cewa 'yata ki yafe ni. To me zan ce? Saura wata bakwai ya yi ritaya. Na ce wa kwamiti mutum ɗari huɗu ne, ban san hannun da ya tura ba. Na yi ƙarya, Baba, na rubuta muku don ku sani.

Tun ranar nake tuna ofishinku na makaranta, lokacin da nake biyowa bayan an tashi. In kuka gama buga tambayoyin jarrabawa a tafireta, sai ku zare takardar kabon, ku zagaya baya, ku ƙona ta a cikin gwangwani, har ku sa tsinke ku juya tokar. Na taɓa tambayarku me ya sa, tunda baƙa ce ba a ganin komai. Kuka ɗaga ta sama saitin rana, sai ga tambayoyin nan duka raɗau. Shekara talatin da ɗaya kuna wannan aiki, ko tambaya ɗaya ba ta taɓa fita ta hannunku ba. Ni 'yar da kuka haifa, mai digiri biyu, ban iya ɗaga nawa na duba ba.

An fitar da sanarwa, an hana duk ma'aikaci kai maganar aiki kowane zaure. Mataimakina da ke riƙe da ofis yanzu ya fita daga namu a ranar. Shekaranjiya ya tare ni a bakin matakala, ya rage murya, wai intanet ɗin ɗakin karatu ya ƙi, ko zan ɗan tambayo masa mutanena? Ban san lokacin da na yi dariya ba, dariyar da ta ƙare da hawaye.

Abinci ba ya shiga. Baban yara yana ta ba ni baki, amma shi ma na ga ya daina cewa komai zai wuce. A gaida Inna.

'Yarku,
Auta

Ranar Talata

Baba,

Ina gaishe ku, ina gaida Inna. Yanzu kuna iya gaya mata, an gama.

An sauke ni. Ba a kore ni daga aiki ba, an ce in gode wa Allah. Takardar saukewar tana da kuskuren rubutu uku, na ƙirga, kun ga tarbiyyarku ba ta tafi duka ba. An mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin na'urori, a ƙarshen gini kusa da banɗaki. Taga ɗaya ce, ita ma an jibge mata matattun kwamfutoci har rabi. Mutanen da ke miƙewa in na shigo, yanzu in sun hango ni sai waya ta kama su.

A zauren kuma an maƙala sabuwar ƙa'ida a sama, cewa kowa ya yanke hotonsa ya rufe sunaye kafin ya turo, saboda abin da ya samu wata 'yar'uwarmu. Ba su ambaci sunana ba, sun yi mini wannan mutunci. Shekara uku ina zuwa ɗaukar darasi, yanzu ni ce darasin. Na karanta sau biyu na fita daga zauren. Tsohon Injiniya ya kira sau uku ban ɗauka ba, ba don fushi ba, ban san me zan ce masa ba ne.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru jiya.

An zauna a kan ɗaliban nan goma sha ɗaya. An samu tara da laifi, an wanke biyu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka wanke, na bakwai a jerin, shi ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa jiya da hantsi. Dogo ne, ɗan shekarar ƙarshe, rigarsa a goge, fayil a hammata. Na ɗauka zagi ya zo yi, har na gyara zama, don ina son a zage ni. Sai ya gaishe ni cikin ladabi yana ce mini Anti. Ashe wani ne ya zauna kusa da shi a jarrabawa ya yar da takarda ƙarƙashin kujerarsa. Kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukarsa in ya gama ya janye, sun ga hoton. Ya nuna musu takardar wankewa, suka ce za su neme shi. Ya ce ko kan layinsu ya bi sai ya ji ana rage murya, mahaifiyarsa ta daina fita.

Sannan ya buɗe wayarsa, ya rubuta sunansa a wurin bincike, ya juyo mini da ita. Hoton allon nan nawa ne ya fara fitowa. Takardar wankewar tana cikin fayil a hammatarsa, mutum nawa za su gan ta?

Ya ce, "Anti, ba ƙara na kawo ba. An ce duk jami'ar nan ba wanda ya kai ki sanin kwamfuta. Ki taimaka ki goge mini shi."

Baba, na san hanyoyin da ake bi, a zauren na koye su. Ana rubuta wa masu shafi, wasu su cire, wasu su yi banza da kai. Amma wanda ke cikin wayoyin mutane, babu mai iya taɓa shi, ko ni ko wanda ya fi ni. Na gaya masa gaskiya. Ya kalli tulin na'urorin nan, ya ce ya gode, ya ja mini ƙofa a hankali. Da ya buga ta da ƙarfi da na fi jin daɗi.

Bayan fitarsa na tashi ina ta jan kaya don kada in zauna, sai na ci karo da tafireta irin taku a ƙarƙashin wani tebur, har da guntun kabon a maƙale. Na ɗaga shi saitin taga, rubutun yana nan. Na cusa shi a jaka na zo da shi gida, na ƙona a gwangwani bayan kicin, na juya tokar da tsinke yadda kuke yi. Jikarku tana ta tambayata me nake ƙonawa.

Kujerar ta tafi, na haƙura da ita. Amma kun ba ni suna mai tsabta na ɓata, na haɗa da na ɗan mutane. Kun fi ni sanin aikin nan, Baba. In kabon ya riga ya fita daga ofis, me ake yi?

'Yarku,
Auta