Guba a Bakin Burtali, Laifi a Kan Manomi

Zuwa ga Yallaɓai, shugaban ofishin da aka damƙa wa amanar tsaftar muhallinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Idi Garba, manomi ne ni, ina zaune a Ngojin a nan Potiskum. Ban saba yi wa manya magana a bainar jama'a ba, kuma da ƙofar ofishinka ta amfane ni da ba ka ga wannan takarda ba. Na zo, na sake zuwa, har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Tunda magana a ɗaki ta ƙi ci, bari in faɗe ta a fili, wanda bai ji ba ya ji.

Ina da gonar gado a kan wata hanyar ƙasa da ta ratse daga titin Fika. Gefen gonar burtali ne, gangarensa kuma akwai tafkin da shanun rugar Jauro Buba suke sha. Jauro dattijo ne, tun zamanin mahaifina yake sauka a gonarmu da rani. Shanunsa su ci kara su bar mana taki, mu auna masa gero, matansa su aiko da nono gida. Ko sau ɗaya ba a taɓa kai mu gaban Bulama, mai unguwarmu, a kan ɓarna ba. Ga abin da ya raba mu.

Na farko. Bara, gab da faɗuwar damina, wata Juma'a da maza suka tafi masallaci, wata a-kori-kura ta shigo hanyar nan da rana tsaka, ta juye kaya a bakin burtali ta fice. Matan ruga sun gan ta, sun ɗauka masu gini ne. Washegari na je sharar gona, na tarar da shuɗayen durom da jarkoki, wasu a fashe suna tsiyaya, da buhunan wani farin gari. A jikin kowanne akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Na yi shekaru ina feshin wake, na san warin maganin ƙwari, amma wannan tun daga nesa yake shaƙe maƙogwaro, ido ya yi ta ruwa. Na ɗauki hoto a waya na nuna wa wani mai sayar da maganin gona. Ya ce irin wanda lokacinsa ya wuce ne, ba ya sayuwa, mai shi ya nemi inda zai yar ya huta.

Na biyu. Ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na faɗa wa Bulama, ya ce wurinku zan zo, na kuwa zo. Ma'aikacin da na fara samu ya tambaye ni lambar motar. Na ce ban ga mota ba, kaya na gani. Ya ce, "To Baba, wa kake so mu kama?" Na ce ba kamu ne ya kawo ni ba tukuna, a kwashe nake so kafin ruwa ya sauka. Aka ce motar ofis tana gareji. Da na dawo aka ce an gyara ta amma babu mai. Zuwa na gaba aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Daga bisani wani ya dubi hoton da kyau, ya ce ai wurin ba a yankinku yake ba, na maƙwabta ne. Na hau mashin na tafi can, su kuma suka rantse naku ne. Ranka ya daɗe, lokacin karɓar haraji da lokacin neman ƙuri'a ban taɓa ganin wanda ya ruɗe a kan iyakar nan ba. Sai da guba ta zauna a wurin sannan gonata ta zama marar ƙasa.

Na uku. Da na ga hadari ya fara haɗowa, ni da ƙanena Sale muka sari ƙaya muka kewaye wurin. Muka gwada mirgina durom ɗaya daga kan gangaren, ruwan cikinsa ya zubo wa Sale a hannu. Kafin yamma fatar ta ɗaye kamar an zuba masa tafasasshen mai, har yau ba ya iya riƙe fartanya da wannan hannun yadda ya saba. Na gargaɗi Jauro, ya kauce da shanunsa daga gefen. Amma ƙaya dabba take tarewa, ba ruwa ba. Ruwan farko mai ƙarfi ya wanke farin garin nan na buhunan ya gangara da shi tafki. Tafkin ya cika, ruwansa garai-garai, babu abin da ido zai gani. Shanun da suka sha wuyar rani suka afka masa.

Ina gona aka fara ihu. Na tarar da shanu suna kumfa a baki, jiki na kakkarwa, wata ta durƙusa wata ta kife. Dattijon nan da ban taɓa ganin hawayensa ba yana bin su da wuƙa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wadda ya cimma da rai ya yanka, wadda bai cimma ba ya tsaya a kanta yana salati. Likitan dabbobi da aka kira ya ce kada kowa ya ci naman, a binne. Jauro ya binne nasa, da hannuna na taya shi haƙa. Amma ba shi kaɗai ke shayarwa a tafkin ba. Akwai masu wucewa waɗanda shanunsu suka sha, kuma na ga mutane a kan mashin sun zo neman nama mai araha sun tafi da kaya. Ban san tukunyar wa ya shiga ba. Kai ma, Yallaɓai, ba ka sani ba. Jarkokin da suka yi saura su ma an ɗebe su, kuma a garin nan kowa ya san jarka ba ta da aikin da ya wuce ɗiban ruwan sha.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Samarin ruga suka ce ba yadda za a yi a juye kaya a gefen gonar mutum bai sani ba. Suka ce kuɗi na karɓa, wasu kuma suka ce da gangan na yi don in kore su daga burtali. Suka same ni a gona da sanduna, ina shuka. Ba don Jauro ya biyo su yana haki ba, ya tsaya a gabana ya ce wanda zai taɓa Idi ya fara da shi, da wataƙila ba wannan takarda za ka karanta ba, labarin rikicin manoma da makiyaya za ka ji, a turo jami'an tsaro cikin gaggawa, motar da babu mai ta samu mai.

Jauro bai kai ƙarshen damina ba ya tashi da sauran shanunsa. Ya zo har gida ya yi mini sallama. Ya ce, "Malam Idi, ni na san ka, na san ubanka. Amma yaran nan ba kullum zan iya riƙe zukatansu ba." Zumuncin da mahaifina ya bar mini ke nan ya tafi a ƙafa, ina tsaye a ƙofar gida. Har yanzu in na shiga kasuwar shanu akwai waɗanda ke amsa sallamata a ciki-ciki, akwai masu nuna ni da baki.

Na biyar. Mutanenka sun zo daga ƙarshe, bayan an gama binne shanu. Sun rufe hanci da baki, sun tsaya daga nesa sun ɗauki hotuna. Sannan babbansu ya ce tunda wani sashe na kayan ya shiga gonata, ni ke da alhakin kwashewa, in ba haka ba akwai tara. Na tambaye shi ina zan kai. Ya ce in san yadda zan yi. Wato ni ma in nemi mota in kai gonar wani talaka in juye? Wanda ya zubar yana gidansa yana barci, wanda ya kai ƙara shi ake wa barazana. Wa zai ƙara kawo muku rahoto in ya ga yadda aka yi da ni? Ga shi bana an sake juye sabon kaya gaba kaɗan da na farko, maƙwabtana sun gani, babu wanda ya ce uffan. Ban ga laifinsu ba.

Ban roƙi diyya ba, duk da gefen gonata ko ciyawa ya daina fitarwa. Abin da nake roƙo shi ne a kwashe gubar nan da kayan aikin da suka dace kafin wani ruwan ya sauka, a kuma hana shayarwa a tafkin har sai masana sun duba shi. A bi masu ajiyar irin wannan magani a tambaye su inda suke kai wanda ya lalace, domin ba su da yawan da za su gagari ofishinka, a kuma tanadar musu wurin kaiwa. Ku zauna da maƙwabtanku ku tsai da wanda ke da hanyar nan. Sannan, Yallaɓai, ka turo wakilinka gaban Bulama, a tara manoma da makiyaya, ya faɗa da bakinsa cewa Idi Garba ya kai ƙara tun kafin saniya ɗaya ta faɗi. Wannan ba ya bukatar kasafi. Na tsufa, ba na son in bar wa ’ya’yana sunan wanda ya sayar da ruwan sha.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare iyalinka daga cin abin da ba su san asalinsa ba, ya ba ka ikon sauke nauyin nan tun kana kan kujera, domin akwai ranar da za a tambaye ka a inda babu cewa ka tafi taro. Ni dai na sauke nawa.

Wassalam.

Naka,
Idi Garba,
Ngojin, Potiskum.