Ƙugiyar da Na Manta

Litinin, 3 ga Maris

Injin guga ya danne hannun Doguwa yau da hantsi. Ina wajen ninke zannuwan gado, taku huɗu tsakaninmu. Ihunta har yanzu yana kunnena. Shekara tara muna aiki tare a ɗakin wankin otal ɗin nan, ko rigar matashi ba ta taɓa ƙonawa ba. Mariƙin da ke tsayar da injin ya lalace tun watan jiya. Sau uku muka faɗa wa Agogo, shugabar sashenmu, wadda ba ta amsa gaisuwa sai ta dubi agogon hannunta.

Allah ya gafarta mini, ba Doguwa na fara dubawa ba. ’Yata Auta na nema da ido. Tana wajen injin busarwa, lafiya lau. Saura kwana goma sha ɗaya ta cika wata shida na gwaji, a ba ta aikin dindindin. Shekara biyu ta yi zaune a gida bayan makaranta. Ba na son in sake ganin wannan zaman.

Laraba, 5 ga Maris

Na je asibiti. Yatsu biyu sun tafi. Doguwa ta ce, "Yaya, ki ce wa Agogo ta aiko mini da zannuwan, ai ɗaya hannun yana zaman banza." Na yi dariya, sai kuka ya ƙwace. Mun yi addu'a. Ita ce ma ta fi ni ƙarfin murya.

Alhamis, 6 ga Maris

An kawo takarda, kowa ya sa hannu a tasa. Da Agogo ta iso kaina sai ta buɗe akwatin tawada. "Mama, dangwala nan, lokaci yana tafiya." Na ce ina da biro. Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana.

Ba ta san cewa ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya na cocinmu ba, don na gaji da riƙe Littafin Allah a buɗe ina motsa baki. Rabin rayuwata ina dangwala yatsa a abin da ban sani ba. Yau na karanta, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, tana tsaye tana huci. Takardar ta ce injin lafiyarsa ƙalau, sakacin Doguwa ne, kuma mun gani da idonmu.

Na tuna Auta. Na tuna kuma da bakin nan nake cin jibin Ubangiji. Wurin da ya rage fari a takardar ƙarƙashin sunan Agogo ne, can na rubuta cewa wannan ƙarya ce. Na miƙa mata a ninke. Na koma wajen aiki da ƙafata.

Juma'a, 7 ga Maris

Tun safe ’yan kicin suke haushi ƙasa-ƙasa duk sanda Agogo ta wuce. Ban gane ba sai da muka dawo gida, Auta ta jefar da jaka.

"Mama, kin san abin da kika rubuta? Ba ki sa wa harafin ƙugiya ba! Wannan karya ce. Karya, Mama, macen kare! A ƙarƙashin sunanta!"

Na zauna a bakin gado. Na ce to, ke me kika rubuta a taki? Ta juya baya. "Na sa hannu. Ba ke kika ce in riƙe aikin nan da hannu bibbiyu ba?"

Ni na ce. Kullum sai na ce.

Asabar, 8 ga Maris

Ina shara na tuna haushin ’yan kicin, na yi dariya har na dafa bango. Ban tuba ba tukuna. Ubangiji ya sani, ba sai na ɓoye masa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan sujada Malamar ajinmu ta tare ni a bakin ƙofa, labari ya riga ni zuwa. Ta ce, "Shekara biyu ina gaya miki ƙugiyar nan ba kwalliya ba ce." Ta tambaye ni wanne nake nufi, mai ƙugiya ko marar ƙugiya. Na ce ran Alhamis mai ƙugiya, amma yau duka biyun. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗaya shaida ce, ɗaya zagi, kuma Yesu bai aike ni da ta biyun ba.

Na ce, Malama, ke ba ki da ’ya a ƙarƙashin matar nan. Wannan ma bai kamata in faɗa ba, ita da ba ta taɓa haihuwa ba. Bakina yana gaba da ni kwanakin nan.

Talata, 11 ga Maris

Agogo ta kira ni ofis. Sabuwar takarda a kan tebur, fes. Ta ce in sa hannu, zagin ya wuce, Auta kuma ta karɓi wasiƙar ɗaukarta aiki ran Juma'a. In na ƙi, ita ba ruwanta.

Na daɗe ina kallon takardar. Na ga Auta a kan tabarma da rana tsaka, kamar da. Har na cire murfin biro, ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba.

Sai na ce, "Ranki ya daɗe, tsohuwar nake so, akwai gyara." Ta ciro ta da sauri, ta ɗauka gogewa zan yi. Na sunkuya na sa wa harafin ƙugiyarsa, a hankali, yadda Malama ta koya mana. Na ce, "Na ci mutuncinki a gaban mutane, ki yafe mini. Ke ba karya ba ce, ’yar mutane ce, kin kai ’yar cikina. Amma takardar nan ƙarya ce, yanzu kuma an rubuta daidai."

Ta ce, "Mama, kin ɗauka ni na rubuta ta? Daga sama aka turo. Ni ma ina da yara." Duk tsawon maganar ba ta dubi agogo ba.

Na ce na sani. Na fito.

Laraba, 12 ga Maris

Auta ba ta yi mini magana. Na zuba mata abinci, ta rufe shi da faranti. To. Ta ci fushinta, ni ba zan koma ofishin nan ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Auta ta je asibiti wajen Doguwa ita kaɗai, ban aike ta ba. Yau da safe muna ɗaura kallabin aiki ta miƙo hannu, ba ta dube ni ba. "Mama, ara mini bironki." Na ce me za ki yi da shi? Ta ce, "Ni ma akwai gyara."

Ni da na fara, ni ce na riƙe mata hannu. Na ce, Auta, gobe ce fa Juma'ar. Ta ce, "Na iya kalanda, Mama." Ta je ta soke sunanta a takardar.

Juma'a, 14 ga Maris

Ba su ba Auta aikin ba. Wai babu gurbi. Ni an bar ni, an mai da ni wajen tawul, inda tururi yake dafa mutum. Injin guga kuwa, wanda lafiyarsa ƙalau, an sa masa sabon mariƙi.

Ubangiji, ka gani. Ban ce na gode ba tukuna. Amma ko gobe a kawo takardar, abin da zan rubuta ke nan.

Laraba, 19 ga Maris

Auta ta fita neman aiki tun safe, wurare uku. Sai da na tashi daga aiki na tuna ban kira ta ba ko sau ɗaya. Mantuwa ce kawai, tawul sun yi yawa.

Doguwa ta aiko cewa wasu za su zo bincike, sun tambayi takardar mai ƙugiya. Agogo ce ta ba su, an ce. Na sa ta a addu'ar safe, ita da yaranta, can ƙarshe. Ba wai mun shirya ba.

Na cika layi uku da ƙ kafin in rufe. Sun fito a miƙe. Wataƙila biron ne mai kyau.