Inna Ta Koma Butanci

Unguwar Shanu, Kaduna
6 ga Yuli, 1976

Kawu Maliki,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya iyali, yaya damina? Mu nan lafiya lau.

Jikin Inna da sauƙi, kada hankalinka ya tashi. Sai dai tun da ciwon nan ya kwantar da ita, Hausa ta ɓace mata, Butanci kawai take yi. Jiya ta riƙe hannuna tana maimaita magana ɗaya tana hawaye. Sunana kaɗai na gane. Na zaga Kaduna ban sami mai jin yarenmu ba.

Don Allah ka taho, a danginmu kai kaɗai ka rage mai ji. Na tanadi littafi zan rubuta duk abin da za ku faɗa, in koya. Kawu, tsorona kada ya zama wasiyya take bar mini.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Sanda