Dalilin da Ya Sa Na Aje Guduma Ranar Jarrabawar Gwanjo

Zuwa ga Shugaban Ofishin Ba da Izinin Gwanjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Ibro Alhasan, mutumin Allakaye, dillalin bisashe ɗan dillali. A kasuwannin Buza da Keita da Madawa na yi furfura. Sau uku ina zuwa buronka, sakatare yana ce mini kana taro. Shi ya sa na kawo maganata bainar jama'a, ranka ya daɗe, ba don raini ba.

Na ɗaya. Babu sharaɗin da kunka gindaya wanda ban cika ba. Takardar haihuwa, da ta kotu mai nuna ban taɓa kwana gidan kaso ba, da hotuna, da tambur, wato kan sarki, duk suna cikin dosiyena, fayil ɗina da ke ofishinku. Ban yi lakkwal, wato makarantar boko, da ƙuruciya ba. Da farin gemuna na zauna ajin yaƙi da jahilci rani biyu, har na iya karanta dokar gwanjo da kaina. Abokan kasuwa suna ta yi mini tsiya, suna kirana Mushe Ibro, wai na zama malamin makaranta. Na ci jarrabawar rubutu, kuma ba da ƙyar ba.

Na biyu. Ranar jarrabawar aiki anka kai mu kasuwa, anka miƙo mini guduma, anka fito da wata jar saniya daga furiyar, wato garken da ake tsare bisashen da sunka ɓace. Mai jarrabawa ya ce in sayar. Na buɗe gwanjo, muryata tana kai ƙarshen kasuwa ba lasifika. Tayi yana hawa ke nan sai saniyar ta juya, na ga cinyarta ta hagu. Akwai shaida, ƙunar ƙarfe, layi biyu da ɗigo a ƙasa, kunnen dama kuma a tsage. Wallahi nan take na gane ta. Kakannina sun yi kiwo ƙarƙashin masu mulkin arewa. Ba su bar mana gonaki da yawa ba, amma sun bar mana karatun shaida, kuma ba na jin kunyar faɗin haka ko'ina. Wagga shaida ta gidan marigayi Agali ce, na wani ƙauye kusa da Azarori. Matarsa Tima ta aiko mana cigiyar saniyar tun bayan girbi. Ita ke nan gare ta, da nononta take riƙe gida.

Sai na aje guduma. Na sanar da jama'a cewa saniyar tana da mai ita. Masu tayi da kansu sunka janye, domin a wurinmu ba a sayen bisar da anka san gidansu sai an yi cigiya kasuwa uku. Mai jarrabawa ya ce kwanakin da doka ta ba mai bisa ya zo nema sun cika, nawa bugawa ne kawai. Na gaya masa cikin ladabi ba zan buga ba. Shi kuma ya rubuta cewa na kasa kammala gwanjo.

Na kasa! Haba, ranka ya daɗe. Ni da raƙumi ke wucewa in faɗi rijiyar da yake shan ruwa, ni ne na kasa? Ƙi na yi, kuma da gangan. Ba na zargin mai jarrabawa da mugunta. Mutum ne mai ilimi, sai dai a wurinsa shaidar nan tabo ne kawai a jikin saniya.

Na uku. Da kasuwa ta zagayo, Tima ta zo da maigarinsu da shaidu biyu. Ta kira saniyar da sunanta, saniyar ta taho tana ja da igiya, anka ba ta abarta. Takardar haka ta iso ofishinku. Amma yau wata biyar ke nan, waɗanda munka yi jarrabawa tare sun karɓi izini, nawa yana cikin durowa. Kasuwar layya ta zo ta wuce ina tsaye gefe, ina kallon wanda bai iya gane shekarun rago daga haƙora ba yana riƙe da guduma. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Zuwana na ƙarshe sakatare ya ba ni wata takarda. Wai in sa hannu cewa na yi kuskure, ina neman afuwa, ba zan sake ba, sai izini ya fito cikin mako. Da ban iya karatu ba, da na dangwala yatsa na yi godiya. To, na iya, kuma na karanta ta har sau biyu.

Ga roƙona. A gyara kalmar nan ta cewa na kasa da ke cikin dosiyena, a rubuta abin da ya faru yadda ya faru. A ba ni izinina bisa jarrabawar da na ci. Sannan duk ranar da za a yi gwanjon bisashen furiyar, a kira tsohon dillali ɗaya ya duba cinya da kunne kafin a buɗe tayi. Muna nan a kowace kasuwa, kuma ba mu neman lada a kan wanga aiki.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a kan kujerarka, ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane, ya shirya maka zuriya.

Ina son izinin nan ƙwarai, na yi masa wahalar da ban yi wa komai ba. Amma in za a sake tsayar da ni gaban saniyar Tima gobe, abin da na yi shi zan ƙara yi. Takardar neman afuwa kuwa na mayar wa sakatare yadda ya ba ni ita, babu sa hannuna.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ibro Alhasan, Allakaye.