Zakaran Lilon Baba Yana Hannunka

Kakuri, Kaduna.
18 ga Nuwamba, 2000.

Zuwa ga yayana Sylvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Becky da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa Makurɗi ta karɓe ku. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa coci da kanta, ƙaninmu Sunday kuma ya samu aikin direba a wajen Rido.

Bayan haka, wasiƙarka ta iso, sai da na karanta sau biyu don in tabbata kai ka rubuta. Wai in sayar wa 'yan gwangwan lilon Baba in huta. Ba zan sayar ba, Yaya, kuma raina ya ɓaci da kai. Tunda wata tara a Makurɗi sun sa ka mantuwa, bari in tuna maka. Baba da abokinsa Malam Mamman maƙeri suka haɗa lilon nan a 1968 da ragowar ƙarafan masaƙa. Malam ya ƙera ƙarfen tsakiya da hannun juyawa, Baba ya sassaƙa dabbobi goma sha biyu, kowace da abokiyar nauyinta a ɗaya gefen: raƙumi da jimina, kifi da zakara, haka dai. Da damina kuwa kowane gida ya kwance dabbarsa ya ajiye a ɗaka don kada katako ya ruɓe. Shi ya sa bayan rikicin Fabrairu, da mutane suka yi ta ƙaura, kowa ya kwance tasa ya tafi da ita, aka bar mini ƙarfe tsirara a fili.

To, tun da sojoji suka koma bariki muka samu kansila, wanda mu muka sha rana a layi muka zaɓa. Kwanaki ya zo da manyan kaya, ya ce fili ya zama kango, shaguna zai gina. Na tuna masa a gaban mutanensa cewa ni na sha share masa majina a kan jiminar nan. Bai ji daɗi ba, ni ma ban so ya ji ba. A ƙarshe ya ce idan lilo bai juya ranar Kirsimeti ba, da sabuwar shekara katafila za ta shigo.

Kowa ya ce kada in kuskura in je Tudun Wada, inda yawancin maƙwabtanmu Musulmi suka koma. Na shiga bas na tafi. Na samu Hajiya Kulu, tsohuwar maƙwabciyarmu, a ɗaki ɗaya da jikoki biyar. Ranar da ta gudu ta bar keken ɗinkinta, amma kifin yana ƙarƙashin gadonta a naɗe cikin zane. Da ta jawo shi muka zauna muka yi kuka mai isarmu. Malam Mamman ido ya yi rauni, amma ya ce muddin yana numfashi ba wanda zai shafa wa ƙarfen nan giris sai shi. Tagwai makaniki ya kawo raƙumi daga Gonin Gora a bayan a-kori-kura. Yanzu dabbobi goma sha ɗaya suna tsakar gidanmu suna shan fenti.

Saura zakara, kuma ka san a motar wa ya bar Kaduna. Sunday ya ce a ɗaura buhun yashi a wurinsa don nauyi ya daidaita. Hajiya Kulu ta ce shekara talatin da biyu kifinta yana kallon zakara, ba zai koma kallon buhu ba. Ta ƙara da maganar da ta fi yi mini ciwo, ta ce idan ɗan mai lilo bai yarda ya dawo da nasa ba, su me zai sa su bar nasu a kan lilon? Sauran duk suka goyi bayanta.

Na san abin da ka gani kafin ka tafi, ban kuma ce tsoronka na banza ba ne. Amma bana kwana biyu ne tsakanin Kirsimeti da Sallah, yaran Tudun Wada sun riga sun ji labari, namu ma haka. Ba kansila ne zai kashe lilon nan ba, ni na ishe shi. Idan ya mutu, a hannunka ya mutu.

Ka gai da Anti Becky, da Vicky, da Emma. Sunday yana gaishe ku, Malam Mamman ma ya ce yana gaida ɗansa, wato kai. Mama ta ce kada ka ba direba saƙon zakara, kai za ka rungumo shi ka kawo. Na goge wurinsa, na bar shi ba kowa.

Ƙanwarka da ke jiran ka a fili,
Rhoda Shekari