Inda Muke Canja Kujera

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamace ka, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Mabera lafiya lau muke. Luba ta shiga jami'a. Abba ya fi ni tsawo yanzu, kuma ya ɗauko tafiyarka sak, har da jan ƙafar hagun nan. Inna, mahaifiyarka, tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa da ka sani.

To, gaisuwa ta ƙare. Fushi nake yi da kai, kuma na gaji da yin sa ni kaɗai a ɗaki. Na san masu bibiyar shafina za su karanta, wasu su ce ban kyauta ba, mamaci addu'a ake yi masa ba faɗa ba. Addu'ar tana nan tafe a ƙasa. Amma duk zamanmu ban taɓa ɗaga maka murya ba, ka bar ni in ɗaga sau ɗaya.

Maganar mota ce. Ko in ce maganar abin da ya rage mini na mota, tunda ita kanta motar yau shekara biyu ke nan ba ta hannuna.

Ka tuna yadda aka saye ta. Adashena ne na makarantar da nake koyarwa, na haɗa da rancen ƙungiyar malamai. Kai ka je wajen dillali saboda abokinka ne, ka dawo da mota fes, da takardun mallaka ɗauke da sunanka. Na duba takarda, na dube ka, ka kawar da kai kana gyara hula, ka ce, “Ai duk guda na. Naki nau na, nau naki na.” Na ninke takardun na ajiye, don ban so in ɓata maka murnar ranar.

Inshora kam ni na je na yi da sunana, tunda ni ce mai tuƙi. Na ƙi ƙaramar nan da ake yanka don kawai a nuna wa 'yan sanda a hanya, na yi babba, wadda ke biyan gyara in an yi hatsari. Ka yi mini dariya har da riƙe ciki, ka ce malaman makaranta ba su iya cin kuɗinsu ba. A ofishin ne aka gaya mini duk shekarar da ta wuce ban zo neman su biya mini gyara ba, za su rage mini kuɗin shekara mai zuwa, ragin kuma yana ƙaruwa da daɗewa. Ka san halina, in aka ce ana ba da maki a kan abu, sai na ga bayansa.

Shekara tara na yi ina tuƙa motar nan. Hanyar gonarmu ta Dundaye da damina, buhunan gero a but ɗin baya, motar tana nishi. Cunkoson kasuwa in zan ajiye ka shagon shaddarka. 'Yan kabu-kabu da ke faɗo wa mutum ta inda bai zata ba. Zaryar asibiti lokacin da ciwon suga ya fara cin idonka. Ko akuya ban taɓa gogewa ba. Kai kana gefe, tafin hannunka a kan gaban mota kamar da shi za ka taka birki, kana ta cewa, “Sannu-sannu, Malama, ba gudu muka zo yi ba.”

Amma akwai ranar Juma'a. Duk Juma'a da la'asar mukan je gaida Inna a Ƙofar Kware. Kafin a shiga layin akwai wani itacen dogon yaro, kuma da mun iso gindinsa sai in ji ka yi gyaran murya. “Tsaya nan, Malama. Mu sake.” Sai ka fita ka zagayo kana saɓa babbar riga, ni kuma in tsallake giya daga ciki, hijabina yana maƙalewa, in koma kujerarka. Kai za ka ja ɗan guntun da ya rage, ta gaban majalisar abokanka na ƙuruciya, gwiwar hannu a taga, ka danna hon sau biyu, su ɗaga maka hannu suna “Alhaji, Alhaji.” In mun fito kuma, ka kawo mu gindin dogon yaro, mu sake.

Ban taɓa ƙi ba. Na ga yadda fuskarka ke haske a ɗan guntun nan, mutumin da idonsa ke mutuwa a hankali, har ba ya iya bambance kalar shadda sai yaron shago ya gaya masa. Na ce in wannan ne zai riƙe maka girmanka a gaban mutanen da kuka tashi tare, to arha ne.

Sai dai duk wani tabo da ke jikin motar nan, a ɗan guntunka aka samo shi. Madubin dama, kurar mai ruwa ta tafi da shi. Fitilar baya, katangar masallaci. Ginshiƙin ƙofar gidan Inna kuwa har sabawa kuka yi. Ranar da ka fi gurzarsa ka fito ka tsaya kana kallonsa, ka ce, “Wa yam matso da ginshiƙin ga?” Na cusa fuskata cikin hijabi don kada ka ga ina dariya. Washegari na kai ta wajen mai bugun jikin mota na biya daga albashina. Ban taɓa kai ƙananan gyare-gyaren nan ofishin inshora ba, don kada shekaruna su zube, don kuma kada a tambaye ni wa ke tuƙi.

Sai ka tafi ka bar ni. Ina cikin takaba aka zauna rabon gado. Na aika cewa motar tawa ce, aka duba takarda aka ga sunanka, aka tambayi mutane. Abokanka na majalisa suka ce, “Motar Malam ta, mu munka gan shi bisa duk Juma'a.” Ba ƙarya suka yi ba, Malam, abin da ka shirya musu su gani shi suka gani. Aka yi wa mota kuɗi, ta faɗa cikin rabon Inna, ita kuma ta miƙa wa ƙaninka Sahabi makulli. Ina zaune a ɗaki na ji tashinta daga ƙofar gida, na ji yadda ya murɗe giyar ba tausayi.

Da na fita takaba na je ofishin inshora in soke takardata. Ma'aikacin ya duba na'urarsa ya ce ragina ya kai ƙololuwa, kuma ba na motar ba ne, nawa ne, yana bin mai tuƙi. Ya ce ka'idarsu za su ajiye mini shi shekara biyu. In na kawo wata mota da sunana kafin lokacin, in ci gaba daga inda na tsaya. In ban kawo ba, shekarun sun tafi, sai in fara daga farko kamar wadda ta karɓi lasisi jiya.

Na fito ina tafasa. Wace irin ka'ida ce wannan? Hannuna ne zai manta sitiyari don na rasa miji? Wadda aka raba da motarta, ita za a sake hukuntawa da laifin ba ta da mota? Na tambaya ko babur zai riƙe mini, aka ce a'a. Keke mai ƙafa uku fa, aka ce wannan lissafinsa daban. Na sake shiga adashe, amma duk lokacin da na matso kusa da kuɗin 'yar ƙaramar mota, sai in tarar farashin ya yi gaba ya bar ni. Ga kuɗin makarantar Luba, ga na Abba. Wa'adin zai cika ƙarshen watan nan, kuma ko taya ban saya ba.

Za ka ce mene ne abin tayar da hankali a kan ɗan ragi. Na farko, ba ɗan ragi ba ne ga mace mai albashin koyarwa da marayu biyu. In ya tafi, ko na samu mota babbar inshora ta fi ƙarfina. Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, duk faɗin Sakkwato wannan ofishin ne kaɗai wurin da aka yarda ni na tuƙa motar nan. Ko'ina kai ne direba.

Ana cikin haka Sahabi ya zo. Ya samu aikin kai-komo tsakanin nan da Birnin Kebbi, waɗanda suka ba shi aikin sun ce sai da babbar inshora, da ya ji kuɗin ya ja da baya. A bakin Luba ya ji labarin ragina. Ya zauna a falo, a kujerarka, yana kaɗa makullin motata a yatsa, ya kawo shawara: a yi inshorar da sunana a matsayin mai tuƙi, shi ya samu sauƙi, ni kuma shekaruna su rayu. Ya ce taimakona ya zo yi. Na leƙa ta taga na ga motar. Ƙofar baya ta lotse, bamba an ɗaure ta da waya, gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. A shekara biyu ya yi mata abin da kai da ginshiƙin Inna ba ku yi mata a tara ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na kwana biyu ina juya maganar. Har na koma ofishin na yi tambaya a kaikaice. Aka ce in sunan wani ne a takarda alhali wani ke yawo da mota kullum, ranar da aka yi hatsari kamfani yana iya ƙin biya, sunan mai takardar kuma ya ɓaci. Ko ba su faɗa ba na san ƙarya ce za a sa in sa wa hannu. Amma ba wannan ne ya yanke mini shawara ba.

Inna ce ta aiko in zo. Na je a keke mai ƙafa uku, na wuce gindin dogon yaro, na wuce majalisa. Na durƙusa na gaishe ta, ta yi ta kallona, sannan ta ce, “Ke da kinka ruhwa ma babba asiri shekara da shekaru, mi za ya hana ki ruhwa ma ƙanenai?”

Ashe ta sani, Malam. Ashe duk Juma'ar nan da nake tsallake giya ina maƙale hijabi, ta san ɗanta ba shi ya kawo motar daga Mabera ba. Wataƙila majalisar ma ta sani. Wataƙila ni da kai kaɗai ne muka ɗauka asiri ne. Kowa ya gani ya yi shiru saboda abin ya yi wa kowa daɗi, kuma da aka zo rabo ba wanda ya tuna. Yanzu kuma alherin da na yi maka don ina son ka ya zama aikina, har ana so a gadar da shi ga ƙaninka tare da makulli. Dā kai ke gaba a idon mutane ni ina tuƙi, yanzu ana so sunana ya shiga gaba wani yana tuƙi. Duk yadda aka juya, ni ce dai mai sauka.

Na sunkuyar da kai na ce, “Inna, a gafarce ni, wannan ba ni iyawa.” Ta juya fuskarta wajen bango. Tun ranar, furar da take aiko wa yara duk Juma'a ba ta sake zuwa ba. Sahabi ya daina ɗaga wayata. Na ji ana cewa na zaɓi asara a kan zumunci, kuma abin yana yi mini ciwo, don ina son tsohuwar nan. Zan ci gaba da zuwa gaishe ta ko da bango za ta nuna mini.

Saboda haka ƙarshen watan nan shekaruna tara za su tafi. Na gwammace su tafi da tsabtarsu yadda na tara su, da a ɗora su a motar da aka ɗaure wa bamba da waya. Laifinka ne, Malam. Kalma ɗaya da ka faɗa a majalisar nan, ko sau ɗaya cikin raha, cewa motar Malama ce, da ba mu zo nan ba.

Na faɗi abin da ke raina, kuma ga shi fushin yana sulalewa tun ban gama ba. Haka kake yi mini tun kana da rai. Jiya a cikin keke direban ya yanko kwana da gudu, na ji bakina ya ce masa sannu-sannu, ba gudu muka zo yi ba. Sai da na juya fuska waje har muka iso. Ina kewar hannunka a gaban mota. Ina kewar gyaran muryar nan. Wallahi da za ka dawo Juma'ar nan ka ce mu sake, da na tsallake giyar ban ce uffan ba. Kai kaɗai nake yi wa wannan, kuma ya bi ka.

Na sabunta lasisina. In Allah ya hore mini mota, ko shekara nawa za a ɗauka, zan shiga ofishin nan a matsayin sabuwar direba in fara tari daga ɗaya. Juma'ar farko kuma zan je gaida Inna. Abba zai zauna a baya, kujerarka ba mai hawanta. Zan rage gudu a gindin dogon yaro, amma ba zan tsaya ba. Zan bi ta gaban majalisa da gilashi a sauke, in danna hon sau biyu.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba. Maganar mota na yafe, duniya da lahira, kada ta tsayar da kai ko'ina. Allah ya mayar maka da hasken idonka a inda kake, ya shirya mana Luba da Abba, ya sanyaya zuciyar Inna a kaina, ya haɗa mu a gidan da ba a rabon gado.

Wassalam.

Direbarka,
Saratu, Mabera